Daga Gombe Zuwa Kamaru Da Jakar Goyo: Yadda Ake Yanka Hanya Zango-Zango



A 'yan shekarun nan samarinmu sun kama wata sabuwar al'ada. Yaro zai tara ɗan kuɗinsa, ya saɓa jakar goyo, ya ce zai je ya ga wata ƙasa. Wani ziyarar dangi ce ta kai shi, wani zuwa gaida malami, wani yana son ya leƙa kasuwa ya ga abin da zai iya sarowa, wani kuma buɗe ido kawai. Ban ga laifin haka ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke tashi ba tsari, sai "Allah ya kai mu" kaɗai, alhali Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ni ɗan Gombe ne, kuma hanyar da na fi sani ita ce wadda ta tashi daga Gombe ta bi Yola ta shiga arewacin Kamaru har Yawunde. Da ita zan yi misali. Amma maganar da zan yi ta shafi duk wanda zai tsallaka iyaka ta ƙasa, ko Kwatano zai je ko Kumasi. Maganar kuwa guda ce: kada ka tsara tafiyarka da sunan garin da za ka, ka tsara ta da wuraren da za ka kwana da mutanen da za su karɓe ka a kowane wuri.

Dabarar ba sabuwa ba ce

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su da taswira, ba su da waya, amma suna zuwa suna dawowa. Ayari yana da madugu, kuma madugu ya san inda za a yada zango kowace rana, ya san inda ruwa yake, ya san sarkin da za a gaisar da wanda za a kauce wa. Ba a wuce zango don rana tana da saura. Kalmar zango da ake kiran unguwannin Hausawa da ita a Gana daga nan ta samo asali. Ku kanku da ke zaune a kudu kun san amfanin wannan tsari: baƙo ya sauka a tasha, ya nemi gidan Sarkin Hausawa ko mai masaukin 'yan garinsu, kafin dare ya yi ya sami tabarma da wanda zai tsaya masa.

To matafiyi mai jakar goyo shi ne madugun kansa. Aikin da madugu ke yi wa ayari, shi zai yi wa kansa tun yana gida. Ka ɗauki takarda da biro ka rubuta: rana ta farko daga ina zuwa ina, wa zan kira in na isa, ina zan kwana in motar ta lalace a hanya. Duk zangon da ka kasa rubuta sunan mutum ko masauki a gabansa, to wannan zangon bai shiryu ba tukuna.

Me ya sa ta Gombe, ba ta Ikom ba?

Wanda ke Fatakwal ko Aba ko Kalaba zai duba taswira ya ga Kamaru ga ta nan kusa. Ya bi Ikom, ya tsallaka gadar Mfum zuwa Ekok, ya kama hanyar Mamfe. A takarda haka ne. Sai dai wannan hanya tana ratsa yankunan Kamaru biyu masu magana da Ingilishi, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, inda rikici ya faro da zanga-zanga a ƙarshen 2016, ya koma na bindiga a 2017 tsakanin sojoji da 'yan aware. Can ma ana yin zaman gida na dole ranar Litinin, irin wanda mazauna Onica da Aba suka saba gani tun 2021. Baƙon da bai san gari ba, ba ya jin yaren wurin, ga shi da kamannin ɗan arewa, bai kamata ya jefa kansa cikin wannan ba.

Ta can sama kuma, hanyoyin Borno irin su Banki zuwa Amcide da Gamborun Ngala zuwa Fotokol suna cikin yankin da Boko Haram ta daɗe tana ta'adi, a ɓangaren Najeriya da na Kamaru duka. 'Yan kasuwar da suka saba suna bi, sun san lokacin bi da lokacin dakatawa. Sabon matafiyi ba shi da wannan sanin.

Shi ya sa nake ba da shawarar tsakiya, wato ta Adamawa. Ta fi nisa ga mutumin kudu, gaskiya ne, amma tana da wata fa'ida babba. Ƙasar Modibbo Adama tun asali ta haɗa Yola da Garwa da Ngaundare, kafin Turawa su raba ta. Mubi ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbata a Najeriya. Don haka dangi na nan a ɓangarorin biyu, Fulatanci shi ne yaren kasuwa a arewacin Kamaru, Hausa ma ana ji sosai. Ɗan Gombe da ya tashi yana jin Fulatanci a Jekadafari ko Pantami ko Bolari, in ya shiga kasuwar Garwa ba zai ji kansa bare ba. A Gombe kuma da wuya ka rasa wanda ke da ɗan uwa ko abokin ciniki a can. Lambar wayar wannan mutumin ita ce guzurinka na farko.

Takardu kafin komai

A nan ne da yawa ke ruɗewa. Ƙasashen ECOWAS suna da yarjejeniya tun 1979 wadda ta ba ɗan ƙasa ɗaya damar shiga wata ba biza har kwana 90. Da ita ake zuwa Benin da Togo da Gana ta Seme. Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Abin da ke tsakaninmu da ita yarjejeniya ce ta ƙasa da ƙasa wadda ta sauƙaƙa wa ɗan Najeriya shiga don gajeriyar ziyara. Saboda haka kada ka dogara da takardar tafiya ta ECOWAS ko katin zaɓe ko takardar NIN. Ka yi fasfo na ƙasa da ƙasa, ka tabbata yana da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Kuma kafin ka tashi ka tambayi jami'an shige da fice halin da ake ciki a lokacin, domin dokar iyaka tana canzawa. Kowa ya ga yadda aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Labarin wanda ya je bara ba lallai ya yi maka aiki bana ba.

Na biyu shi ne katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad. Abu biyu za ka riƙe game da shi. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba a yin sa ana gobe tafiya. Sannan tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka je a yi maka allurar da gaske a wurin da hukuma ta amince. Katin da aka saya a tasha ba allura, ko ya wuce da kai shinge, ba zai kare ka daga cutar ba.

Ka yi hoton kowace takarda kwafi biyu. Ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya ka bar wa na gida. Ka kuma ɗauka a waya ka tura wa wani amintacce ta WhatsApp. Fasfo na asali kuwa a jikinka yake kwana, cikin 'yar jaka a ƙarƙashin riga.

Zango na farko: Gombe zuwa Yola

In daga kudu ka taso, ka huta a Gombe kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya kwana a mota daga Legas, gajiya ba za ta bar shi ya yi tunani mai kyau a bakin iyaka ba. Daga Gombe zuwa Yola ya haura kilomita 250, ta Kumo da Billiri da Kaltungo da Cham, a tsallaka Binuwai a Numan, a shiga Jimeta. Ka shiga motar safe daga tasha, ko ta Gombe Line ko wata da ake rubuta sunan fasinja. Motar bakin hanya ta fi araha, amma in wani abu ya faru babu wanda ya san ka shige ta.

Ko ka isa Jimeta da azahar, kada ka zarce. Nan ne zangonka. Amfanin wannan yammacin shi ne tambaya. Adamawa tana da mashigai da dama zuwa Kamaru: akwai ta Gurin a ƙaramar hukumar Fufore, a bakin kogin Faro, akwai ta Belel a Maiha, akwai ta Sahuda a wajen Mubi. Wadda ta fi kyau a wannan makon, direbobin tasha da 'yan kasuwar da suka dawo jiya ne suka sani, taswirar waya ba ta sani ba. Ka tambayi mutum uku daban-daban, waɗanda ba su da abin da za su ci a jikinka. In maganarsu ta zo ɗaya, ka bi. Matambayi ba ya ɓata.

Lokacin shekara ma yana da muhimmanci. Da damina koguna na cika, hanyoyin ƙasa na yankewa. Madatsar ruwa ta Lagdo tana kudu da Garwa a kan Binuwai, kuma mutanen Adamawa ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiya. Maris da Afrilu kuwa zafin Garwa ba wasa ba ne, yakan haura digiri 40.

Zango na biyu: tsallaka iyaka zuwa Garwa

Ka isa iyaka da hantsi. Dalili shi ne in an sami tsaiko, kana da sauran yini a gabanka. Wanda ya isa da la'asar, duk abin da aka ce ya biya zai biya, don tsoron dare.

A nan za ka haɗu da 'yan acaɓa masu cewa, "Zo in zagaya da kai ta daji, ba ruwanka da kowa." Kada ka yarda, ko da kuwa kuɗinsu ya fi sauƙi. Abin da kake nema a iyaka shi ne hatimi biyu a fasfonka: na fita daga Najeriya da na shiga Kamaru. In babu na shiga, to ka zama wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya, kuma a Kamaru ana tsayar da mota a duba takardun fasinja a shingaye da yawa, na 'yan sanda da na jandarma. Abin da ka guje wa sau ɗaya a iyaka za ka yi ta fama da shi a kowane shinge har Yawunde. Bayan an buga hatimin, ka duba kwanan watan da idonka kafin ka bar wurin.

A shinge, ka gaisa, ka miƙa takarda, ka yi shiru. Kada ka ɗaga murya, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto. In an nemi kuɗi, ka tambaya cikin ladabi na mene ne, kuma ko akwai rasit. Ka ware 'yan canji a aljihun gaba, don kada ka zaro damin kuɗinka gaba ɗaya a gaban mutane. Ka koyi kalmomin Faransanci ko goma ne: gaisuwa, godiya, "nawa ne", "ban gane ba". Jami'in da aka turo daga kudancin Kamaru ba lallai ya ji Fulatanci ko Hausa ba.

Maganar kuɗi da waya

Sefa iri biyu ce, wannan ya kamata kowa ya sani. Akwai ta Afirka ta Yamma da ake kashewa a Nijar da Benin da Togo, akwai ta Afirka ta Tsakiya da ake kashewa a Kamaru da Cadi. Darajarsu ɗaya ce, dukansu an ɗaure su da kuɗin Yuro, amma takardun daban ne, kuma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Kwatano ba. In za ka yi canji a Legas ko Gombe, ka faɗa wa ɗan canji ta Kamaru kake so, ka duba da kyau. Ka canza kaɗan kafin iyaka, sauran ka bari sai ka shiga gari mai masaukinka ya kai ka wurin wanda ya sani.

Ka raba kuɗinka gida uku: na kashewa yau a aljihu, na tafiya a jikinka, na komawa gida a wani wuri da ba ka taɓawa ko me ya faru. Kuɗin komawa ba na sayen tsaraba ba ne. In ana ciniki kuma ba ka gane ƙirgar ba, ka miƙa waya a rubuta maka lambar.

Da ka isa Garwa ka sayi layin waya na can, MTN ko Orange, da fasfonka. Layin Najeriya zai iya aiki, amma yana cin kuɗi. Tun kana gida ka sauke taswirar yankin a wayarka yadda za ta buɗe ba intanet, ka riƙe fawa bank cike da caji. Duk da haka ka rubuta lambobi biyar mafi muhimmanci a takarda, domin waya na faɗuwa, ana kuma sace ta. Ka yi alkawari da mutum ɗaya a gida: kullum bayan isha'i zan kira ka, in kwana ɗaya ya wuce ba ka ji ni ba, ga lambar mai masaukina na wannan zangon.

Zango na uku da na huɗu: Ngaundare da Yawunde

Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne. Akwai kamfanonin bas masu tasharsu da tikiti, irin su Touristique Express. Hanyar tana ratsa daji mai nisa ta gefen gandun namun dajin Binuwai, sannan ta hau wani dutse mai kwane-kwane kafin a shiga Ngaundare. Wannan hanya ta rana ce. Yankunan karkara na wajen sun yi fama da masu tare hanya da masu satar mutane don kuɗin fansa, musamman makiyaya ake ɗauka. Don haka in wani ya ce ka zo ya kai ka rugar danginsa a cikin daji, sai in mai masaukinka ya san shi kuma ya amince.

Ngaundare gari ne mai sanyi, a kan tudu yake, ka tanadi rigar sanyi. Daga nan jirgin ƙasa na Camrail yake tashi zuwa Yawunde, tafiyar fiye da kilomita 600 a kan layin dogon da ya iso garin a 1974. Jirgin da yamma yake tashi ya kwana yana tafiya, kuma wannan ce kaɗai tafiyar dare da zan ce ka yi. Ka sayi tikiti da wuri a tashar da kanka. In da hali ka ɗauki wurin kwanciya. Ka sa hannunka cikin igiyar jakarka in za ka yi barci, kuma abin sha da baƙo ya miƙo maka a buɗe, ka yi godiya ka ce ka ƙoshi.

A Yawunde ka nufi unguwar Birketiri, inda Hausawa suka daɗe da zama. A Duwala kuma akwai jama'armu a New Bell. Tsarin da kuka sani a Sabo shi ne a can: masallaci, mai unguwa, masu masauki. Ka gabatar da kanka, ka faɗi wanda ya turo ka. Ofishin jakadancin Najeriya yana Yawunde, akwai ƙaramin ofishi a Duwala. Ka san inda suke tun ranar da ka sauka, kada ka bari sai fasfo ya ɓace.

Abin da ke cikin jakar

Jakar da ta fi ƙarfin ka ɗora ta a cinya cikin mota ta yi girma. Kaya kala uku, bargo marar nauyi, gidan sauro, tocila, buta ƙarama, maganin zazzaɓin cizon sauro da gishirin hana bushewar jiki sun isa. Duk magani ya zauna cikin kwalinsa, in na asibiti ne da takardar likita.

Abin da ba za ka sa ba ya fi muhimmanci. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko daga wa ya fito. Hanyoyin nan ana safarar tiramadol da sauran ƙwayoyi a kansu, kuma in an buɗe jaka an gani, mai jaka ne mai kaya, "aike ne aka ba ni" ba ta fitar da kowa. Kada ka ɗauki wuƙa, ko da ta yankan lemo ce a wurinka. Kada ka sa riga ko wando ko hula mai kalar kakin soja. Mu mazauna kudu mun ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, inda aka kashe matafiya 16 'yan arewa, mafarauta da ke kan hanyar komawa gida daga Fatakwal. Zalunci ne aka yi musu, babu wani uzuri a kansa, Allah ya jiƙansu. Amma ya nuna mana cewa a inda ba a san ka ba, abin da aka gani a kayanka shi ake yi maka hukunci da shi kafin a saurari bakinka.

Haka nan ka kama bakinka a kan siyasar ƙasar mutane. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2025 an yi zanga-zanga a Garwa da Duwala, an kama mutane da dama. In ka ga taro ya fara haɗuwa, ka juya. Kada ka ɗauki hoton barikin soja ko gada ko filin jirgi ko gidan gwamnati. In tafiyarka ta zo daidai da lokacin zaɓe, ka ɗaga ta.

In da hali, ku tafi ku biyu

Addininmu ya kwaɗaitar da a yi tafiya da abokai, kuma a naɗa ɗaya ya zama shugaba. Hikimar a fili take: ɗaya ya shiga bayi ɗaya ya tsare kaya, ɗaya ya kwanta rashin lafiya ɗaya ya nemo magani, an tsare ɗaya a shinge ɗaya ya kira gida. Ga 'yan uwa mata abin ya fi ƙarfi, kada a bar mace ta kama wannan hanya ita kaɗai.

Iyaye da masu gida, in yaronku ya zo da maganar tafiya, hana shi ba ya cika yin aiki, sau da yawa sai ya tafi a ɓoye, wanda ya fi haɗari. Ku ce ya kawo takardar zangonsa. Ku duba fasfo da yalo kad, ku kira mai masaukin farko ku ji muryarsa, ku tambayi ina kuɗin komawa. In duk sun cika, ku sa masa albarka. In da giɓi, ya zauna ya cike shi, Kamaru ba za ta gudu ba.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi gida lafiya.